Haƙoran Talibambam

Sakkwato,
4 ga Maris, 2024

Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Inna da matarka Talatu da yara. A ce da Inna ina gaishe ta da kyau.

Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun direba, sai in ga yadda za ka kashe ta. Hoton da Talatu ta turo mini jiya ya hana ni cin abinci. Wannan ne talibambam ɗin da na bar maka amana? Ya rame, bakinsa a wangale ba ya rufuwa, haƙoran sun zazzago kamar bakin aku. Shekara biyu ina auna haƙoran kifin nan kowace Juma'a, a kansa digirina na biyu ya rataya, kai kuma riƙon wata uku ya gagare ka.

Abu ɗaya na roƙe ka. Malam Labaran masunci zai riƙa kawo dodon koɗi daga kogi, ka zuba masa a tanki da ɓawonsa. Sau uku ina faɗa maka dalili kana latsa waya. Haƙoransa huɗu ne, kuma ba sa daina tsiro, fasa ɓawon nan shi ke goge su. Idan ya samu abinci mai laushi sai su yi ta tsawo har su hana shi tauna, yunwa ta kashe shi ga abinci a gabansa. A nan ɗakin bincike kullum ina juya haƙoran kifayen zamanin da, waɗanda aka tono cikin duwatsu, masu faɗi kamar dutsen niƙa, duk sun sha aiki sun goge. Su Allah bai haɗa su da wa irinka ba.

Me kake ba shi? Burodi? Ka mayar masa da abincinsa tun bai makara ba.

Ƙanwarka,
Radiyya

Sakkwato,
13 ga Maris, 2024

Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya, musamman Inna.

Na ga amsarka, layi biyu, wai kifi ne dai, akwai dubunsa a kogi. Sannu da ƙoƙari. Dubun nan wa ya auna su shekara biyu?

Na kira Malam Labaran, ya rantse ko kwana ɗaya bai fasa kawowa ba. To ina dodon koɗin yake zuwa? Da wani ne sai in ce rashin sani. Amma kai da kake buɗe bakin bijimi a kasuwar kara ranar Juma'a, ka dubi haƙori ka faɗi shekarunsa, ba ka da wannan uzurin. Ka fi kowa sanin abin da tauna take yi wa haƙori. Saboda haka da gangan ne. Tun ranar da na shiga jami'a kake kiran karatuna wasan kifi, yanzu ka samu yadda kake so.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba zan ɓoye maka ba, idan kifin nan ya mutu ban yafe ba. Ina tafe ranar Alhamis ta sama.

Radiyya

Sabon Gari, Wudil,
22 ga Maris, 2024

Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum. Ya aikin gona? Na iso jiya, aka ce tun Laraba ka tattara ka tafi Achika. Gudu bai yi maka kyau ba.

Kifin ya mutu jiya da safe, kafin motarmu ta hau gadar Wudil. Na yi kuka, na kuma ambaci sunanka da abin da ba zan rubuta ba.

Yau na je ɗibar ruwan wanke tanki, sai na ga wata tasa a bayan randa cike da fasasshen ɓawo, ga ɗan dutse a kai. Ina tsaye da ita a hannu Inna ta fito. Ko tambaya ban yi ba ta ce ita ce take fasa masa kullum bayan ta idar da walaha, ta cire naman ta jefa masa. Ta ce, "Na ga yana ta fama da ɓawon nan, har ƙarar ana ji. Ni kuwa na san zafin tauna, Radiyya."

Daga baya Talatu ta ba ni sauran labarin. Ashe tun daminar bara turamen bakin Inna suka lalace, kai ka kai ta aka cire guda uku, ta hana a gaya mini kada karatuna ya tsaya. Ashe sau biyu kana roƙonta ta bar fasawar, ta ce ba za ta iya kallo ba. Muna gida ɗaya da ita ta bar goro, ta bar gyaɗa, take tura mini namanta tana cewa ta ƙoshi, ni kuma ina cinyewa. Ina da littafi guda cike da awon haƙoran kifi, ban taɓa duban bakin uwata ba.

Har yanzu ina jin haushinka. Da ka faɗa mini gaskiya, da na dawo tun da wuri an datse masa haƙoran, ya rayu. Ka gwammace ka sha zagina ka yi shiru, kuma shirun naka ya ci mini shekara biyu. Amma maganar rashin yafiya na janye ta. Wasiƙun nan biyu ka ƙona su.

Ka dawo ranar Lahadi, Litinin mu kai Inna Kano wajen likitan haƙori. Ɗazu ta tambaye ni ko abincin da take ba shi ne bai ishe shi ba. Na ce mata tsufa ne ya kashe shi. Kai ma idan ta tambaye ka, haka za ka ce.

Ƙanwarka,
Radiyya