Keken Baba Yana Babura

Zuwa ga ƙanwata Bahijja,

"Sati biyu kawai, Yaya. Da hannuna zan dawo miki da shi." Haka kika ce a tsakar gidana ranar da kika naɗe keken guragun marigayi Baba. Yau shekara biyu da wata huɗu.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da zaman Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku. Mu nan Kazaure muna nan. Muhsin ya koma makaranta, Nafisat ta yaye 'yarta. Baban Muhsin kuma yana nan yadda kika ji a waya: ɓarin dama ya shanye, magana da ƙyar take fita. Ya daina tambayar rediyo, ya daina tambayar abinci. Abu ɗaya yake tambaya, ko yau Juma'a ce. Masallacin da kika sani, wanda daga zaure muke jin huɗubarsa, yanzu ya yi masa nisa. Juma'a bakwai ke nan yana jin ta a kwance.

Kin san ni da rubuta aro. A bangon ƙamus ɗina duk wanda ya ɗauki tukunya ko littafi sunansa na nan, in ya dawo da shi in soke. Layin keken ne kaɗai ban soke ba, kuma ba sunan ƙawarki Zubaida da kika aro wa mahaifiyarta shi na rubuta ba, naki ne, tunda ke kika tsaya mata. Ban taɓa aikawa ba, don kin san yadda keken marar lafiya yake: a ce a karɓo shi kamar a tambaya ne ko mai hawansa ya mutu. Sai na yi kara.

Ran Asabar na bi sawunsa. A Roni Zubaida ta ba ni ruwa, ta ce ai mahaifiyarta ta rasu tun bara, kuma ita ta ɗauka sadaka muka yi da shi don ladan ya kai wa Baba. Ta ce ke kika ce mata kada ta damu. Ta ba maƙwabciyarta da ɗanta ya karye a babur. Maƙwabciyar ta ce yaron ya warke har ya sake sayen babur, keken kuma yana Gwiwa wajen kawunta. A Gwiwa na tarar ana sadakar bakwai ɗin kawun. Na zauna na yi ta'aziyyar mutumin da ban taɓa gani ba, sannan aka ce mini wasu 'yan Babura sun tafi da keken ranar jana'iza. Kowa ya yi kyautarsa, kowa ya kwashi ladansa.

Washegari na same shi a Babura, ƙarƙashin dalbejiya a ƙofar wani gida. An ɗaure hannunsa na hagu da roba. Na durƙusa gaisuwa na leƙa ƙarƙashin mazaunin, ga alamar da na yi da jan farce. Tsohuwa ce a kai, Iya Tasalla, shekara uku ƙafarta ba ta taka ƙasa ba. Ta riƙe hannuna ta ce tun da keken nan ya zo take ganin mutane, ta yi ta sa wa mai shi albarka, ko wane ne. Na ce amin. Na tashi na hau mota. Har muka shigo Kazaure ina jiran fushi ko kuka, babu wanda ya zo. Gonakin gero kawai na yi ta kallo.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Musaddiƙ, da Dela. Gwaggo tana gaishe ki, ban gaya mata ba tukuna.

Kada ki kira ni ki ba ni haƙuri, ba shi zan ɗora mijina a kai ba. Kyautar da kika yi da abin da ba naki ba, ke za ki cika ta. Ki nemo wa Iya Tasalla wani keken, ya isa Babura kafin Alhamis ta sama. In bai isa ba, Juma'a da sassafe zan je in ɗaga tsohuwar nan da hannuna, in ajiye ta a tabarma, in naɗe keken. In ta tambayi wanda ya aiko ni, sunanki zan faɗa mata. Baban Muhsin a sahu zai yi wannan Juma'ar.

Yayarki,
Sa'adiyya