Kududdufin da Ka Cike

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Ina fatan kai da Asma'u da yara kuna lafiya. Mu nan Funtua sai godiya.

Kududdufin bayan gida da ka sa aka cike ka gina shaguna, shi yake tare ruwan kwatar unguwa har dattin ya kwanta. Na hana ka, ka ƙi ji. Yanzu ƙazantar ta shiga rijiyarmu. Duba-gari ya zo, ya ce babu gyara sai an rushe shagunan. Na san halinka, ba za ka rushe ba.

Kada ka turo jikokina hutun bana. Ba ni da ruwan da zan ba su.

Ka sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Mahaifiyarka.