Jinin Da Ke Jikin Rigar Likita

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ma lafiya, sai gwiwa. Maƙwabcina tela ne ke riƙe da alƙalami, kin san ban shiga aji ba. In kin ga ƙarin gishiri, nasa ne.

Tun shekarar babban yajin aiki, wadda aka tarwatsa taron neman 'yanci, nake kwana a ɗakin bayan asibitin mahaifinki. Ni ke tafasa masa allura, ni ke wanke masa riga. Yanzu an mai da asibitin gidan tarihi, an sa farar rigarsa a gilashi, an rubuta wai jininsa ne da 'yan sanda suka fasa masa kai. Saƙonki ya iso cewa gobe wurin buɗewa in faɗi haka kawai, in ba haka ba 'yan kwamitin gidan tarihin su karɓe ɗakina.

Auta, ba jininsa ba ne. Ran taron nan yana kan mumbari da hantsi aka fara jifa. Wani kurtun ɗan sanda ya faɗi, dutse ya tsaga masa goshi. Likita ya bar jawabi a tsakiya, ya sauko ya ɗauke shi. Ni na riƙe ƙafafu har gadon nan mai gajeriyar ƙafa da muke tokarewa da bulo. Ɗinki bakwai ya yi masa, kan yaron a cinyarsa, mutanenmu na dukan ƙofa suna kiransa maci amana. Da ya gama ya ce mini ƙasar da muke nema har da wannan a ciki, in je in dafa wa yaron shayi.

Sau uku na wanke rigar, jinin ya ƙi fita. Har ya zama shugaba yana tsokanata, wai na kori Turawa amma tabo ya gagare ni.

Shugaban kwamiti ya ce na tsufa, na ruɗe. Shi da ko haihuwarsa ba a yi ba! Na san tausayina kike ji, ni ma ina son ɗakin nan, ban san inda zan kai tabarmata ba. Amma shekara talatin ban yi wa mahaifinki ƙarya ba, ba zan fara yana ƙasa ba.

Kurtun nan yana raye, ya makance, tabon na nan a goshinsa. Gobe da sassafe zan ɗaure kayana in ajiye bakin ƙofa, in je in jawo hannunsa. Kusa da gilashin za mu zauna.

Ki gaida yara. Ki huta lafiya.

Naki,
Baba Mai Allura