Dogonyaron Inna da Esin da Kuka Sayar Mini

Zuwa ga Alhaji, mai shagon sayar da esi da kayan sola a birnin Sakkwato.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ina gaishe ka gaisuwar Musulunci, tare da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikatanka. Sunana Lawali Garba, malamin firamare ne ni a Sabon Birnin Gobir. Da wuya ka tuna ni, don masu shiga shagonka suna da yawa. Ni ne na zo a farkon bazarar bara na ce ina neman esi, na'urar sanyaya ɗaki, marar shan wuta saboda mahaifiyata. Ban ambaci sunanka ko na shagonka ba, don ba tozarta ka na fito yi ba. Na rubuta a fili ne saboda sau uku ina biyo wannan hanya tamu, wadda ka san halinta, ana ce mini Alhaji ya fita, waya kuma ta daina shiga.

Bari in fara gaya maka ko wace ce na saya wa kayan, tun da ba wanda ya tambaye ni a shagon. Inna tsohuwa ce mai hawan jini, idonta kuma ya yi yana, sai dai ta gane mutum da murya. A tsakar gidanmu, daf da ɗakinta, akwai wani dogonyaro da marigayi mahaifinmu ya shuka. Nan take wuni. Da hantsi a shimfiɗa mata tabarma, matan unguwa su shigo da tsintar wake ko ɓarar gyaɗa, a yi ta hira. Dije, Bafillatanar da ke kawo nono daga rugar hanyar Unguwar Lalle, can take sauke ƙwarya ta huta, su yi ta tsokanar juna kan wace ce ta fi tsufa. Inna ba ta ganin agogo, amma in rana ta taɓa ƙafarta ta san azahar ta yi. Abin da ke wahalar da ita shi ne ɗakin kwano in zafi ya taso, numfashinta har sama-sama yake yi. Shi ya sa ni da ƙanena muka sayar da bijiman da muke kiwo, na nufo wurinka da niyyar in saya mata sauƙi.

Ga abubuwan da suka faru.

Na ɗaya. Na faɗa maka da bakina cewa wutar gari ba abar dogara ba ce a wajenmu, da sola za mu yi amfani, don haka ina son irin esin nan na zamani mai tashi a hankali, wanda ba ya zuƙe batir. Ka nuna mini wani fari tas, da takarda mai taurari manne a gabansa, ka ce ai wannan ko fanka ta fi shi shan wuta. Na ce ɗakin ƙarami ne. Ka yi dariya ka ce zafin Gobir ba ya jin ƙaramin inji, in ɗauki mai ƙarfin doki biyu in huta. Ba ka tambayi faɗin ɗakin ba, ba ka tambaya ko akwai silin ba. Ni kuma, da ƙauyancina da son a ce na yi wa uwata babban abu, na ji daɗin maganar. Wannan rabin laifin nawa ne, ban ɓoye ba.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ma'aikacinka Murtala ya zo kafa kayan. Ya hau kwano, ya sauko, ya ce inuwar dogonyaro tana rufe wurin da farantan sola za su zauna, in ba a sare shi ba esi ba zai tashi ba. Na tambaye shi ko sassabe rassa zai wadatar. Ya ce wata biyu za su mayar, a cire shi gaba ɗaya a huta, kuma shi yana sauri ya koma kafin hanya ta yi shiru. Na shiga na gaya wa Inna. Sai ta ce, "Iccen ga babanku ya shuka shi shekarar da anka haihe ka. Amma kai ad da gida yanzu, yi abin da kag ga ya yi." Na ɗauki wannan a matsayin izini, alhali na san muryar uwata, na san ba izini ba ne. Kafin la'asar masu gatari sun gama. Tana ɗaki tana jin kowane sara.

Na uku. Esin bai taɓa yin awa guda cur yana aiki ba. Da an kunna shi sai ya yi wani gurnani, fitilun gidan su dushe, inbata, na'urar da ke ba gidan wutar sola, ta yi ƙara ta ɗauke. In rana ta take sosai yakan ɗan jure, ya huro sanyi, sanyin kuma ya bi ta kwano ya fice tun da ba silin. Ɗakin da a da inuwa ke rufe rabinsa ya koma shan rana tun daga hantsi har faɗuwarta. Bangon yamma in ka dafa shi da la'asar sai ka janye hannu. Ɗakin Inna ya fi zafi bayan na saya mata esi fiye da kafin in saya.

Akwai kuma abin da ko ni ban hango ba. Murtala ya ce dole a rufe ƙofa da taga in ana son sanyi ya zauna. A wajenmu ba a rufe ɗakin tsohuwa da rana. Mace ta yi sallama a tsakar gida, ta ga ƙofa a rufe, sai ta ɗauka barci ake ko jiki ya tsananta, ta juya. Inna kuma tana ciki, ƙarar inji ta hana ta jin sallamar. Kwana na huɗu ta kira ni ta ce, "Buɗe mini ƙohwa, Lawali. Ban mutu ba tukuna, don mi za a ruhe ni da rana?" Na buɗe, ban sake rufewa ba. Na kafa mata rumfar zana a inda iccen yake, amma zana ba ta hana zafi, kuma mutum biyu kawai take ɗauka. Matan suka koma gindin wata tsamiya a ƙarshen layi, inda Inna ba ta iya kaiwa. Ban ga laifinsu ba. Dije kaɗai ta ci gaba da leƙowa, ita ma a tsaye, ƙwarya a ka.

Na huɗu. Da na gaji da nemanku, na ɗauko wani dattijo mai gyaran firji daga Isa. Ya kwance murfin injin esin da ke waje ya nuna mini tsatsa da tsohon fenti a ƙarƙashin sabo. Ya ce wannan tsohon yayi ne, irin mai fizgar wuta gaba ɗaya in zai tashi, an wanke shi ne an manna masa takarda. Ya auna ɗakin da taku ya ce mai doki ɗaya na zamani ya ishe shi har ya yi yawa, in an sa silin, kuma farantan da ke kan kwanon za su ɗauke shi ba wahala. Duk wannan na jure. Sai ya leƙa ta bayan gidanmu, ya ga filin da muke ɗaure awaki, rana fetal ba ko kara, ya tambaye ni me ya hana a kafa farantan a can bisa ƙarfe a ja waya. Ya ce aikin yini ɗaya ne. Alhaji, a gaban baƙo na zauna a kan kututturen nan na yi kuka. Ashe ba a bukatar taɓa iccen ko kaɗan, gajeriyar hanya kawai aka nema.

Inna ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Da damina ta sauka, wata safiya na same ta ta lallaɓo ta zauna tana shafa kututturen. Ta kamo hannuna ta ɗora a kan wasu 'yan ganye masu laushi da suka tsiro a gefensa, ta ce, "Ga shi nan ya dawo. Kak ka bari awaki su ci shi." Tun daga ranar, ruwan alwalarta a gindinsa take zubarwa. Na kewaye shi da ƙaya.

Allah ya yi mata rasuwa a bazarar bana. Ban ce esinka ne ya kashe ta ba, Allah ya kiyaye harshena, kwananta ne ya ƙare. Abin da nake cewa shi ne, bazara biyu na ƙarshen rayuwarta ta yi su cikin zafi da kaɗaici, a gidan da ta shekara hamsin tana da inuwa da abokan hira. Ranar zaman makoki matan nan duka suka dawo, har da Dije, sai da muka aro tamfol aka ɗaura musu, don babu inda za su zauna.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba kuɗi ba ne.

Ina roƙonka, don girman Allah, duk wanda ya shigo shagonka daga ƙauyukanmu neman esi marar shan wuta, ka gaya masa gaskiyar abin da ke cikin kwalin. In tsoho ne ka ce tsoho ne, mai so zai saya. Ka tambaye shi girman ɗaki, da irin rufin, da wutar da yake da ita, kada ka ɗora masa babban inji don ka ga yana son burga. Ka tambaye shi kuma wa zai zauna a ɗakin, ko mutum ne da zai yarda a rufe masa ƙofa. Mu ba mu san waɗannan abubuwa ba, ku kuka sani, amanar tana wuyanku.

Ka ja wa ma'aikatanka kunne, kada wanda ya sake cewa a sare icce kafin ya zagaya gida ya duba. Farantin sola ana iya matsar da shi a yini ɗaya.

Na ƙarshe, ka aiko a kwance esin nan a tafi da shi. Yana nan a bango, na lulluɓe shi da tsohon zane don ba na son ganinsa. Farantan kuwa ni da kaina za ni mayar da su filin awakin da ke bayan gidanmu, domin tohon da Inna ta bar mini amana yanzu ya wuce tsayina, ya doshi kwano. Ita ba ta samu zama a inuwarsa ba. In ya kai ga rufe kwanon, ya rufe, ba za ni sake kiran mai gatari ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsarkake kasuwarka, ya sa ka gama da iyayenka lafiya. In mahaifiyarka na raye, ka je ka zauna kusa da ita yau. Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta, ya yafe mini.

Wassalam.

Lawali Garba,
Sabon Birnin Gobir.