Maigadin da Baba Ya Bari a Kunne

Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya ƙafa, ya su Gwaggo? Mama tana gaishe ka, ta ce tun rasuwar Baba ba ta ƙara jin ɗuriyarka ba.

Na san dokarka, maganar na'ura ba a yin ta a waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Kwamfutar ɗakin ƙarshe ce, wadda kai da Baba kuka haɗa, mai fitar da rahoton kogi kowace safiya. Tun da aka dawo da ni kujerar Baba ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba, sai makon jiya da masu kula da na'urori suka sabunta mata wasu fayiloli. Yanzu in na tayar da shirin rahoto sai ya yi rabi ya cije, allon ya cika da magana ɗaya: an kasa ƙirƙirar sabon aiki. Wata rana ya wuce, wata rana ya ƙi.

Ka san masu buɗe ƙofofin madatsa rahoton nan suke jira, manoman ƙasan kogi kuma su suke jira. Da hannu nake haɗa lissafin yanzu, ba na gamawa sai rana ta take. Jiya Darakta ya leƙo ya ce, "Injiniya, in tsohuwar nan ba ta warke ba kafin ruwa ya sauka, zan sa a kwashe ta a kawo sabon tsari." Na ce ya ɗan ba ni lokaci. Ya ce, "Lokacin ba nawa ba ne, na hadari ne."

Baba bai taɓa zaunar da ni ya nuna mini cikin manhajar nan mai kwaikwayon tsohon tsarin kwamfuta na Yuniks ba, kullum sai ya ce sai an samu sarari. Abin da na lura shi ne akwai wani ɗan shiri da yake aiki a bayan fage dare da rana, sunansa maigadi. Anya ba shi ne yake jawo wannan ba?

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikis salam. Ƙafa da sauƙi, sai dai ba ma shiri da matakala. Gwaggonki tana amsawa. Ki ce wa Mamanku laifina ne, zan gyara.

Da na kai ƙarshen wasiƙarki dariya na yi har shayi ya zube mini a riga. Tambayar da kika yi, ni da mahaifinki Dogo mun yi shekaru muna musu a kanta, har gashinmu ya yi fari ba mu gama ba.

Bari in fara daga farko. Ɗakin nan da kike zaune, da can wata ƙatuwar na'urar Yuniks ce a cikinsa, tsawonta ya kai na mahaifinki, tana gurnani kamar injin niƙa. Saboda ita ake sanyaya ɗakin, mu kuma mu sha rigunan sanyi ana tsakiyar zafi, mutanen sauran ofisoshi suna shigowa da ƙaryar neman biro don su sha iska. A kanta muka rubuta shirin rahoto. Da ta tsufa aka rasa kayan gyaranta, sai aka ba mu kwamfutar ofis irin ta kowa, muka ɗora mata manhajar kwaikwayo don shirinmu ya ɗauka har yanzu yana gidansu.

To, a Yuniks, in shiri yana son mataimaki, rabuwa yake yi biyu. Mu muna cewa uwa ta haifi ɗa, ɗan kuma kamarta sak. Kwamfutar ofis ba ta iya wannan haihuwa ba, manhajar ce take kwaikwaya, kuma sharaɗinta shi ne kowane fayil ya zauna wa ɗan a daidai gurbin da ya zauna wa uwar a cikin ƙwaƙwalwar na'ura. In aka tarar wani ya riga ya zauna a gurbin, haihuwa ta tsaya. Saƙon da kike gani ke nan.

Maigadi kuwa Dogo ne ya rubuta shi, don ya riƙa karɓar awon ruwa daga tashoshi ko ba kowa a ofis. Duk ran da kuskuren nan ya fito sai in ce, "Dogo, yaronka ne ya zauna a kujerar mutane." Ya ce, "Gilashi, goge tabaranka. Maigadi ba ya shiga ɗakin haihuwa." In ce, "To tsayar da shi mu gani." Ya ce, "Ba na korar ma'aikaci ba da laifi ba." Matar da take buga mana takardu, da ta ji mun soma sai ta ɗauki jakarta ta ce, "Ku kira ni in an haihu." A ƙarshe mu kashe kwamfutar mu kunna, abin ya wuce, kowa ya ce ai ga shi nan, shi ya yi gaskiya.

Akwai umarnin sake raba wa fayiloli gurabe, na rubuta miki shi a bayan takardar nan. Sau ɗaya muka taɓa amfani da shi, ran da muka haɗa na'urar, lokacin ba a ma rubuta Maigadi ba. Ki gwada. In ya ƙi, ki kashe ta ki kunna. Na yi mamaki ma da ba ki yi hakan tun farko ba.

Allah ya yi miki albarka.
Baffanki

*

Baffa,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Mama wajen mai buga takardu, ta ce ta tuna matar, har ta faɗi kalar jakar.

Na gwada umarnin. Ya ƙi. Ya ce akwai wanda yake riƙe da fayilolin, sai an tsayar da duk abin da yake amfani da manhajar. Na rufe komai, saura Maigadi.

Ka ce ka yi mamaki da ban kashe na kunna ba. Ga dalilin. Maigadi da sunan Baba yake aiki. Bayan rasuwarsa ofis ya rufe asusunsa na shiga na'ura, kamar yadda ake yi wa kowa. Amma Maigadi ya riga ya tashi tun Baba yana nan, kwamfutar kuma tana kan batir, ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Na tambayi shugaban masu kula da na'urori, ya ce, "Muddin yana tafiya zai ci gaba da tafiya. Ran da ya tsaya, ba zai ƙara tashi da wannan sunan ba. Asusun wanda ya rasu ba ma buɗe shi."

Kowace safiya in na zo, kafin in ajiye jaka, nakan buɗe jerin ayyukan da suke gudana. Sai in ga layi ɗaya, a gefensa an rubuta dogo, da ƙananan baƙaƙe. Kofinsa na kai gida, rigar sanyinsa da take rataye bayan ƙofa Mama ta bayar. Wannan layin ne kaɗai ya rage a ginin nan da yake cewa Baba yana bakin aiki.

Na san shirme ne. Ni da na yi karatun abin nan na fi kowa sanin shirme ne. Sau biyu ina rubuta umarnin tsayarwa ina gogewa. Shekaranjiya kuma hadari ya haɗu ta gabas, bai zubar ba, amma Darakta ya tsaya a taga ya daɗe yana kallonsa.

Babu wata hanya, Baffa?

'Yarka, Auta

*

Auta 'yata,

Na amsa gaisuwarki. Wannan karon ban yi dariya ba. Na ninke takardar na fita bayan gida na zauna, har Gwaggonki ta biyo ni tana tambaya ko jikin ne.

Babu wata hanya. Da akwai da na faɗa miki. Kuma ba shirme ba ne, kada ki ƙara cewa haka.

Zan ba ki labarin ran da aka kashe tsohuwar na'ura. Masu kwasa sun zo da mota suna jira a ƙofa, ni na kasa, na ce fitsari nake ji na fice. Da na dawo na tarar da Dogo ya nannaɗe hannun riga, ya goge mata ƙura tas, abin da za a kai bola. Ya dafa ta ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya." Ya kashe da hannunsa. Ɗakin ya yi shirun da ban taɓa ji ba. Sai ya juyo ya ce, "Gilashi, rahoton gobe fa ba zai rubuta kansa ba." Muka ja kujeru gaban sabuwar. Ranar bai ci abincin rana ba, na lura, amma rahoto ya fita a kan lokaci.

Mahaifinki yana son na'urorinsa, amma mutanen ƙasan kogi yake yi wa aiki. Da zai ga kina lissafi da hannu ga hadari a sama saboda sunansa, da kin sha faɗa.

Ki kwafi komai ki adana tukuna. Sannan ina da roƙo ɗaya, na tsoho. In kin tsayar da Maigadi, kada ki yi gyaran nan take. Ki fara tayar da shirin rahoto haka nan, ki ga ko kuskuren zai fito. Dogo bai taɓa yarda an gwada ba, ni ma in gaskiya za a bi ban taɓa matsa masa sosai ba, don da an gwada da mun rasa abin yi da shayin la'asar. Yanzu kam ina so in sani.

Allah ya dafa miki.
Baffanki

*

Baffa,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya.

An yi. Ranar Asabar da hantsi na je, ba kowa sai mai shara a baranda. Na kwafi komai. Na ɗauki hoton layin da wayata, sannan na rubuta umarnin na danna. Ban san me nake jira ba, amma ba abin da ya faru. Fanka tana juyawa, mai shara tana jan bokiti. Layin ne kawai babu. Na ɗan zauna, na yi wa Baba addu'a, na share fuskata.

Sai na yi yadda ka roƙa. Na tayar da shirin rahoto ba Maigadi. Baffa, kuskuren ya fito. Na sake, ya sake fitowa, har na gaji. Ba Maigadi ne yake hana haihuwar ba, sababbin fayilolin ne suka zauna a guraben juna. Baba ya yi gaskiya.

Amma kada ka ajiye takardar tukuna. Da na ba da umarnin raba gurabe, wannan karon ya wuce sumul, tunda mai riƙe da fayilolin ya saki. Ka ga ke nan ba shi ya kawo ciwon ba, amma shi ya tare ƙofa ya hana magani shiga. Na rasa yadda zan raba muku wannan shari'a, ku biyun kowa ya samu rabi.

Na sake tayar da Maigadi da sunana. Ban taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Da ya karɓi awon farko daga tashar sama, sai ya rubuto a allo, "An karɓa, a sha shayi." Ban san Baba ya sa wannan ba, don a asusunsa saƙon yake fita. Mai shara ta leƙo ta ga ina dariya ina hawaye, ta koma da bokitinta.

Ruwan farko ya sauka ranar Litinin. Rahoto ya riga shi isa madatsa. Darakta ya karanta a tsaye ya ce, "Ashe tsohuwar da sauranta." Sabon tsarin dai zai zo baɗi, na kuma ce ni zan jagoranci ƙaurar.

Ka gaida Gwaggo.
'Yarka, Auta

*

Auta,

Na amsa, kuma sannu da ƙoƙari.

Rabi dai? To, na karɓa, ko da yake nawa rabin ya fi girma.

Da na gama karantawa ban san lokacin da na ɗauki waya na danna lambar Dogo ba, in gaya masa ai da ma na ce yaronsa yana da hannu a ciki. Sai da ta fara ƙara na tuna. Kafin in katse aka ɗauka. Mamanku ce, ashe wayar tana wurinta. Sai na gaya mata gaskiyar abin da ya sa na kira.

Ta ce, "Gilashi, to faɗa mini. Ni ce na sha jin nasa ɓangaren kowace yamma, na haddace shi. Zan tsaya masa."

Mun yi musu har katina ya ƙare. Ba ta sallama ba.

Ki huta lafiya.
Baffanki