Giwarka Tana Kawukudi

Assalamu alaikum, Maigida.

Na san ba mai kai maka wannan takarda, amma bakina ya ƙi yin shiru. Muna nan lafiya a unguwarmu Nima. Asabe ta fara haƙori, rufin ɗaki kuwa yana nan yana yoyo yadda ka bar shi.

Labarin filin jirgi ba daɗi. Kamfaninku an haɗe shi da sabon kamfanin gwamnati, an ce kowane jirgi sai ya sake riga. Giwar nan mai fukafukai da ka shekara bakwai kana zanawa a jikin jiragensu, sun shafe ta da farin fenti, sun sa baƙin tauraro. Har sunan kamfanin sun goge, wanda kake farawa daga dama kamar rubutun allo, Baturen kamfanin yana ta faɗa, amma ba mai fentin da harafinsa ya kai naka miƙewa.

Yanzu aikinka bai rage ko'ina ba sai a hoton da mai hoton unguwar Adabraka ya ɗauke ka, kana kan tsani, buroshi a hannu, giwa a saman kanka.

Bari in faɗi abin da ban faɗa ba. Na sha yi maka dariya, ina cewa wa ya taɓa ganin giwa ta tashi. Sau nawa ka ce in zo in gani, na ce kokon sayarwa zai huce? Wallahi ina alfahari da kai, girman kai ne ya hana ni faɗa. Abin yana cina.

Yayanka Sale ya ce in ƙone hoton kafin addu'ar arba'in, wai mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto. Ban yi musu da shi ba, malami ne. Amma kamfani ya shafe ka, ni ma in shafe ka? Me zan nuna wa Asabe ran da ta tambayi kamannin ubanta?

To, na fitar da shi daga ɗaki. Na rataye shi a rumfar kokona da ke unguwar Kawukudi, inda duk mai wucewa zai gani. Ɗaki fes yake, mala'iku su shigo. Yaya Sale ya zo jiya, ya daɗe yana kallonka, ya sha kokonsa ya tafi.

Allah Ya haskaka makwancinka. Sai na zo.

Taka har gobe,
Uwar Asabe