Hayaƙin da Ba na Murhu Ba

Umma,

Gaisuwa mai yawa daga Bahar Maliya. Ya ciwon gwiwar? Ya Sakina da yara?

Ina lafiya. Idan abokin aikina Bastawi ya iso Aswan, kada ki biye masa, ya cika ƙarin gishiri.

Jirginmu mai tafiya da iska yana zagayawa da 'yan yawon buɗe ido cikin tsibiran Zubair, inda babu komai sai baƙin dutse da toka. Ranar da gurasarmu ta ƙare, na hango hayaƙi a bayan tudu. Kin san a wajenmu, in ka ga hayaƙi, mata ne ke gashin gurasa. Na ɗauki kwando na sauka ba takalmi. Ashe ƙasar ce ke ci da wuta ta ciki, ta ƙone mini ƙafafu.

Shugaban jirgin, Rayyis Muƙbil, shi ya goyo ni yana faɗa: "Kai ɗan kogi, uban wa ya ce maka dutse na sayar da gurasa?" Na ɗauka korata zai yi. Sai ga shi yana shafa mini zuma a tafin ƙafa. Alhamdu lillahi, jiya na taka da kaina.

Ki ba Bastawi takalman marigayi Baba ya taho mini da su, ki kuma sa ni a addu'a. Hayaƙi ɗaya nake marmarin gani yanzu, na murhunki.

Ɗanki,
Dahab